Karen da Ya Yi Dalala ta Kunci Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

"Ta zo mu ji ta, Kaka, in dai ba ta Gizo ba ce."

Ba ta Gizo ba ce. Ta wani kare ce da wata 'yar sanda.

Wata safiyar Litinin, ƙarfe tara ba ta gama cika ba, wani mutum ya faɗo caji ofis yana haki, riƙe da wuyan rigar wani tsoho kamar wanda ya kamo akuya a gonarsa. Mutumin shi ne mai ma'aikatar kujerun da ke bayan tashar mota, kowa Maigida yake ce masa. Tsohon kuma mai gadinsa ne, Baba. Shekara ashirin da biyu yana zaune a bakin get ɗin nan, ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata ba.

Wadda ke kan aiki a ranar Sufeto ce, wata mace gajera mai ƙaramar murya. Abokan aikinta Ƙaya suke ce mata a bayan idonta, don in ta shiga ƙafar magana ba ta fita sai an sa allura.

"Saki rigar dattijon nan tukuna," in ji ta. "Me ya ɓata?"

"Babban keken ɗinkin kushin, ranki ya daɗe. Shi ne ran ma'aikatar. Ranar Asabar yana nan, yau babu shi. Ba a fasa ƙofa ba, ba a haura katanga ba."

"Kuna da kare?"

"To, nan ne maganar take. Karenmu Guduma ko ƙadangare ya gifta sai ya tayar da unguwa, amma maƙwabta sun ce jiya ko tari bai yi ba. Kuma karen nan ba ya cin abin hannun kowa sai na tsohon nan. Ya ba shi wani abu ne don ya yi shiru a kwashe kaya. Je ki gan shi, yawu kawai yake zubarwa. Mutane sun ce ya haukace. Na kira ofishin lafiya, ƙarfe biyu mai bindiga zai zo."

Sufeto ta dubi tsohon. "Baba, ka bar bakin get jiya?"

"Ban ɗaga ba, 'yata," ya ce, idonsa a kan takalmansa.

Ta rubuta. Ta sa aka ajiye shi a bayan kanta, ta ce a ba shi kujera da ruwa. Sannan ta kira Sajan ɗinta, wani ƙato mai tumbi wanda ba ya tsoron ɗan fashi amma yana tsoron kare kamar ajali.

A ma'aikatar, ta fara da ɗakin masu kushin. Ɗaki ne a can ƙurya, cike da soso da yadi da ƙafafun kujeru a sama. A tsakiya ga teburin keken, da ramin da aka cire kansa.

Wani siririn mutum sanye da rigar aiki mai babban aljihu a gaba yana tsaye yana share ido. Shi ne shugaban ɗakin. Soso ake ce masa saboda laushin maganarsa.

"Sun kashe ni, ranki ya daɗe," ya ce. "Shekara goma sha huɗu ni da keken nan. Yanzu da me zan yi aiki? Da haƙorina?"

"Wa ke riƙe makullin ɗakin?"

"A ƙusar can bayan ƙofa ake rataye shi. Kowa ya sani."

Sufeto ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin teburin. Notuna huɗu suna jere a kan tsumma. An rataye bel ɗin keken a jikin ƙusa, ba a yanke shi ba. A gefe ga wani gwangwani da aka tsiyaye man keken a ciki, har an rufe bakinsa da kwali.

"Sajan, in kai ne ɓarawo, za ka tsaya tsiyaye mai?"

"Ni? Wuƙa zan sa wa bel ɗin in ruga, ranki ya daɗe."

"Wannan bai ruga ba. Tausayin keken yake ji, ba ya son mai ya ɓata masa ciki."

Daga nan suka fito tsakar ma'aikatar. Guduma yana ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin tankin ruwa, baƙin kare mai farin ƙirji. Maƙwabta sun yi cirko-cirko daga nesa, wasu da sanduna. Ya karkatar da kai, yana ta kai ƙafa ga kuncinsa.

Sufeto ta matsa iya inda sarƙar ba za ta kai ba, ta tsuguna. Ta daɗe tana kallo. Yawu na zuba kamar igiya daga leɓen hagu, ya jiƙa ƙirjinsa da ƙafar hagu. Gefen dama kuwa a bushe yake ƙamas.

Ta karɓi sandar wani, ta tura masa kwanon ruwa. Ya sa harshe ya lasa, a hankali, ta gefen dama.

"Ranki ya daɗe, ki ja baya," in ji Sajan daga bayan wata kujera. "'Ya'yana biyar, ba zan iya riƙe naki ba."

"Dubi bakinsa. Me ya sa gefe ɗaya?"

"Hauka ai ba shi da tsari."

"Shi ya sa nake tambaya. Wannan yana da tsari." Ta miƙe ta kaɗe gwiwa. "Je ka ɗauko likitan dabbobin da ke titin kasuwa. In ya ce yana aiki, ka ɗauko shi da aikin."

Maigida ya ce, "A kan mahaukacin kare za a ɓata lokaci? Ga ɓarawo can a hannunku."

"Mutum ɗaya ne ya ga wanda ya shigo jiya, shi ma ba mutum ba ne. In aka harbe shi aka binne, gobe Baba yana gaban alƙali ba shi da mai shaida. Kada wanda ya taɓa karen nan sai na dawo."

Ita da kanta ta koma ta ɗauko Baba, don ta san babu likitan da zai iya kusantar Guduma in ba shi. A cikin mota, da suka wuce shataletale, ta ce:

"Baba, akwai takardar asibiti tana leƙowa daga aljihunka. Ta shiga ɗakin masu haihuwa ce, kwanan watan jiya."

Tsohon ya dafe aljihun. Can ya sauke numfashi.

"Autata ce ta haihu, 'yata. Haihuwar fari, kuma ta sha wuya. Na fita sha ɗaya na safe, na dawo biyu na rana. Kunya ce ta hana ni faɗa."

"Ka kulle get?"

"Sakatarsa ta ciki ce. Na ja shi kawai, na kwance Guduma. Shi ne kwaɗona."

"Wa ya san za ka fita?"

"Ranar Asabar na faɗa a gaban ma'aikata cewa tana naƙuda. Suka ce in je mana, wa zai sani."

"Yaushe yawun ya fara?"

"Da na dawo na tarar yana ta goga baki a ƙasa. Kafin la'asar ya fara zuba. Abincinsa ma bai taɓa ba." Ya cusa takardar cikin aljihu. "Tun yana cikin tafin hannuna na raine shi. Ni zan ba shi guba?"

"Ƙaryar da ka yi da safe ta kusa ɗaure ka. Kada ka ƙara."

Sun tarar Likita ya iso, wani dattijo mai sanƙo da tabarau a kan hanci, mai son magana kamar ni. Ya karɓi katin rigakafin karen daga hannun Baba ya duba, ya ce wata huɗu ke nan da allurar, kuma shi ya yi ta.

"Guba ce ko hauka?" in ji Sufeto.

"Guba ba ta zaɓen kunci, Sufeto. In ta shiga, baki duka ke kumfa, ga amai, ga karkarwa. Hauka kuma ba na rantsuwa a kansa da ido kawai, shi ya sa kika ga na sa safar hannu biyu. Amma ga rigakafi, ga shi ya sha ruwa, ga shi yana kaɗa wa tsohon nan wutsiya. In yawu ya ɓalle farat ɗaya ta gefe guda, to ki nemi matsalar a gefen. Ko haƙori ya fashe, ko ƙashi ya maƙale, ko rina ta harbe shi, ko wani ya maka masa sanda. Wani lokaci ma ciwon kunne ne ke cin jijiyar fuska, sai leɓe ya saki kamar tsohon wando."

Ya sa Baba ya riƙe kan karen. Ya taɓa gefen idon hagu, ido ya ƙifta. Ya leƙa kunne, ya shinshina.

"Jijiya lafiya, kunne lafiya. Saura cikin ɗaki." Ya zuƙi allurar barci ya tsira masa a cinya.

Guduma bai gama lumshe ido ba sai ga mai bindiga, shi da takardarsa, saura minti ashirin biyu ta cika. Maƙwabta suka buɗa masa hanya suna cewa gara a huta.

Sufeto ta je ta tsaya tsakaninsa da karen. Kanta bai kai kafaɗarsa ba.

"Hajiya, umarni gare ni," ya ce.

"Sufeto. Takardarka ta ce mahaukacin kare. Likita bai ce ya haukace ba tukuna. Kafin ya faɗa, karen nan shaidar hukuma ne. In za ka harba, ka fara rubuta min sunanka da lambarka a nan, don alƙali zai so ya san wanda ya kashe masa shaida."

Mutumin ya dubi biron da ta miƙo, ya dubi Maigida. Ya jingine bindigar a bango ya ce shi dama bai ci abincin rana ba.

Likita ya buɗe bakin karen, Sajan yana haska tocila daga nesa da hannu a miƙe. Can ciki, tsakanin turmin ƙarshe na sama da kunci, dasashin ya kumbura ya yi jajir. Likita ya sa hantsaki, ya murɗa kaɗan, ya zaro wani abu ya jefa a faranti. Ya yi ƙara, ƙwal.

'Yar ƙaramar ƙusa ce, gajera, mai faffaɗan kai na tagulla.

"Ga gubarku, ga haukanku," in ji Likita. Ya ɗaga ta ga haske. "Kuma ba ita kaɗai ta shiga ba. Kin ga wannan baƙin abin da ya naɗe a wuyanta? Hanta ce, soyayya."

"Baba, kana ba shi hanta?"

"Ni da ban ci ba?"

"Yana shiga ɗakunan aiki?"

"Ko sau ɗaya. Na hana shi tun yana ƙarami, saboda irin wannan."

Sufeto ta naɗe ƙusar a takarda. "To ba ƙasa ya tsince ta ba. A cikin loma aka ba shi. Kuma wanda ya ba shi bai san tana ciki ba, don mai son kare ya yi shiru ba ya sa masa abin da zai sa shi kuka."

Ta sa aka kira babban kafinta, wani mai suna Dogo, zuwa ofishin Maigida.

"Ina kake jiya daga sha ɗaya zuwa biyu?"

"Gidan surukaina, ranki ya daɗe."

"Surukanka suna shafa wa baƙi jan fenti a farce? Na zagaya ma'aikatar nan, babu jan fenti ko gwangwani ɗaya."

Dogo ya ɓoye hannu a hammata. Ya leƙa ƙofa, ya rage murya. "Don Allah kada Maigida ya ji. Ranar Lahadi ina yi wa ma'aikatar tsallaken titi aiki. Mutum shida sun gan ni."

"Sajan zai tambaye su. Wannan fa, taka ce?" Ta buɗe takardar.

Dogo ya yi dariya. "Wannan ai ba ta riƙe katako. Ta ado ce, ta bakin kushin. Mu kafintoci a gwangwani muke zuba ƙusa. Masu kushin ne ke juye ta a aljihun gaba, su ɗebi goma su watsa a baki, suna tofo ɗaya-ɗaya kan guduma. Ki dubi haƙoransu na gaba, duk a gutsure."

"Su nawa ne a ɗakin?"

"Uku. Amma mai kan tagulla Soso kaɗai ke taɓa ta. Ba ya yarda da hannun kowa a aikin ado."

Da aka kira Soso, ya shigo da sallama, ya rusuna.

"Yaya kuke da Guduma?" ta tambaye shi.

"Ni da kare? Ko inuwarsa ba na takawa, ranki ya daɗe. Kowa ya san in zan shigo sai Baba ya ɗaure shi."

"Ba ka taɓa ba shi komai ba?"

"Allah ya kiyaye."

"Jiya fa?"

"Ina gida, zazzaɓi ya kwantar da ni."

"Allah ya ƙara sauƙi. Je ka jira a waje."

Wajen la'asar Guduma ya farfaɗo. Likita ya wanke masa ciwon, ya yi masa allura, yawun ya ragu sai ɗigo. Sajan ya dawo daga tsallaken titi ya ce maganar Dogo gaskiya ce.

Sufeto ta sa ma'aikata duka su jeru a tsakar wurin, har da Maigida. Ta ce kowa ya tsaya cak, hannu a gefe. Sannan ta ce wa Baba ya riƙe sarƙar da tsawo, ya bi gabansu da karen.

Guduma ya tako yana tangaɗi kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya wuce Dogo da gurnani. Ya wuce masu fenti bai dube su ba. Maigida ma ɗan harara ya samu.

Da ya iso gaban Soso sai ya tsaya. Wutsiya ta fara kaɗawa. Ya ɗaga ƙafafun gaba ya ɗora a cinyarsa, ya cusa hanci cikin aljihun rigar aikin, yana 'yar ƙara irin ta mai jiran abin da ya saba samu.

Mai kaza a aljihu, an ce, ba ya jimirin as. Soso ya yi baya yana cewa, "Tafi, tafi," amma hannunsa da kansa ya kai kan karen ya shafa bayan kunnensa. Sai da ya shafa sannan ya tuna, ya janye hannun.

"Wanda ba ya taka inuwarsa ke nan," in ji Sajan.

"Juye aljihun a kan teburin nan," in ji Sufeto.

Ya juye. Ƙusoshi masu kan tagulla suka watsu. Cikin aljihun ya yi dabbaren maiƙo.

"Man keke ne," ya ce.

Sufeto ta ɗauki ƙusa ɗaya ta miƙa wa Likita. Baƙin ɓarɓashi ya bushe a jikinta. Ta buɗe tata takardar ta ajiye ta bakin karen kusa da ita. Kamar tagwaye.

"Keke ba ya cin hanta, Soso. Ina ka kai shi?"

Ya zauna a kan wata kujerar da shi ya ɗinka, ya dafe kai.

"Yana wani shago da na kama a layin masu walda. Na lulluɓe shi da bargo, ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

Maigida ya zabura, Sajan ya tare shi da tumbi.

"Tun yaushe kake zawarcin karen?" in ji Sufeto.

"Wata uku. Kullum da safe in Baba ya zagaya baya, sai in jefa masa yanka ɗaya. Sati biyun farko ko kallonta bai yi ba. Kullum a takarda nake naɗe ta. Jiya ne ina sauri, don ban san minti nawa Baba zai yi ba, na zuba ta haka nan a aljihu. Na sa rigar aiki ne don duk wanda ya gan ni da keke a babur ya ce gyara zan kai."

"Me ya kai ka?"

Soso ya ɗago ya dubi Maigida. "Shekara goma sha huɗu, Maigida. Ko a barci na ji kukan keken nan na san abin da ke damunsa. Sai ka ce ɗanka da ya gama makaranta zai zo ya zama shugaban ɗakin, ni in koma ƙarƙashinsa. Yaron da ni na koya wa zura zare. Na ce to bari in tafi da abin da hannuna ya sani." Ya juya ga Likita. "Zai warke kuwa? Wallahi ban san ta shiga ba."

"Kwana biyar zai ci ƙashi," in ji Likita.

Sufeto ta ciro ankwa. "Lafiyar kare ka tambaya. Tsohon da kuka ce masa ya je, wa zai sani, da safe kana tsaye aka ja shi ta wuyan riga a kan titi. Shi ba ka tambaya ba."

Soso ya kasa ɗaga ido. Baba kuwa ya tsuguna yana goge ƙirjin Guduma da gefen rawaninsa.

Aka sa wa Soso ankwa, Sajan ya tasa shi gaba zuwa mota. Suka biya ta layin masu walda aka ɗauko keken, aka rubuta shi a matsayin shaida.

Soso ya amsa laifinsa a gaban alƙali, ya yi wata tara a gidan yari, ya fito yana gyaran kujerun mota a wani gari. Keken ya koma kan teburinsa, amma ɗan Maigida bai iya da shi ba, sai da aka nemo wani gwani. Dogo ya bar aikin Lahadi, ko dai ya koyi wanke farce. Maigida ya tara ma'aikata ya ba Baba haƙuri a gabansu. Baba ya ce ya yafe, amma bai koma ba. Yanzu shi ke gadin asibitin Likita a titin kasuwa, Guduma yana kwance a gefensa, kuma duk Lahadi yana zuwa ganin jikarsa da izini. Sajan har gobe yana tsoron kare. Sufeto ta rufe fayil ɗin da yamma, washegari ta buɗe wani.